Tarihin Malam Abdullahi Mai Gwandu Da Yadda Ya Cika Da Imani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ja kwanakinmu har ya nuna mana zagayowar ranar da iyayenmu suka aza harsashin wannan masallaci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka, dattawan jama'a sun ga ya kyautu a sa tarihin ɗaya daga cikin magabata a wannan ɗan littafi, don yara su karanta su sani, manya kuma su tuna. Da aka yi shawara sai ra'ayi ya tsaya a kan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda a ke kira Mai Gwandu.

Galibi in an tashi ba da labarin manyan mutane, garuruwan da suka ci a kan lissafa, da littattafan da suka wallafa, har mai sauraro ya zaci ba su taɓa neman abu sun rasa ba. To, Malam Abdullahi ya ci garuruwa, ya kuwa wallafa littattafai, amma abubuwa uku da ransa ya ƙwallafa a kai duk bai same su yadda ya so ba. Ya so ya ga jama'ar da ta tsaya don Allah kaɗai, sai ya ga son duniya ya shige ta a gaban idonsa. Ya so ya kai Makka da Madina, bai wuce Kano ba. Ya yi tsammanin zai gaji Shehu, sai ya tarar an rufe masa ƙofar gari. Duk da haka ajali ya same shi yana kan aikin da ya fara tun yana yaro. Wannan shi ne abin da mu ke so mu duba tare da ku, 'yan'uwa.

Asalinsa Da Karatunsa

An haifi Malam Abdullahi cikin shekara ta 1180 ta Hijira, watau wajen 1766. Gidansu gidan malamai ne na Fulani Toronkawa, waɗanda suka daɗe da zama a yankin Ƙonni da Gobir. Sunan mahaifinsa Muhammadu Fodiyo, mahaifiyarsa kuwa Hauwa, uwa ɗaya uba ɗaya su ke da Shehu, amma Shehu ya girme shi da kamar shekara goma sha biyu. A wurin mahaifinsa ya yi karatun Alƙur'ani. Da ya kai shekara goma sha uku sai aka danƙa shi a hannun wansa, daga ran nan kuwa Shehu ya zama masa wa, ya zama masa malami, ya zama masa uba.

Bai tsaya ga Shehu kaɗai ba. Ya ɗauki karatu wajen kawunnansa da sauran malaman ƙasar, ya zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda shi ne babban malamin Shehu, ya kuma saurari Sahihul Buhari wajen Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Daga baya ya tsara sunayen malamansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu cikin wani littafi mai suna Ida'un Nusuhi, don kada alherin wanda ya koya masa ko da harafi guda ya ɓata. Allah ya buɗe masa harshen Larabci ƙwarai, nahawu da sarfu da lugga da waƙa, har ya zama abin misali a ƙasar Hausa.

Tare Da Shehu Wajen Wa'azi

Sa'ad da Shehu ya fara kewaya ƙasa yana kiran mutane zuwa ga addini, Abdullahi na biye da shi, ƙasar Kabi da Zamfara da Gobir. Ya zama shi ne alƙalamin jama'a. Wata rana wani malami, Mustafa Gwani, ya aiko da waƙa yana sukar yadda mata ke halartar wa'azin Shehu. Shehu ya umurci ƙanensa ya ba da amsa. Abdullahi, yana ɗan shekara ashirin ko kusa da haka, ya mayar masa da waƙa, ya nuna masa cewa barin mata cikin jahilci, ba su san farillan addininsu ba, ya fi abin da ya ke tsoro muni.

Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami ran Sallar Layya, ya fito da dukiya mai yawa zai raba musu. Shehu ya ƙi karɓar rabonsa. A maimakon zinariya ya roƙi sarki ya bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana mai son amsawa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Abdullahi na wurin, ya gani da idonsa. Mu lura da wannan rana, domin ita ce mudun da ya riƙa auna mutane da shi har ƙarshen ransa. Wanda ya tashi ya ga malaminsa ya juya wa zinariyar sarki baya, da wuya ya iya haƙuri in ya ga almajiran malamin nan suna ribibin ganima.

Hijira Da Yaƙi

Bayan Bawa al'amura suka yi ta tsanani. Sarki Nafata ya hana ɗaura rawani da lulluɓi, ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba. Da ɗansa Yunfa ya hau, sai rundunarsa ta faɗa wa Gimbana, garin Malam Abdussalami, almajirin Shehu, ta kamo Musulmi ta bi da su ta kusa da Ɗegel inda Shehu ke zaune, jama'a suka fita suka kwance su. Zama ya ƙare ke nan. Cikin Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu. A can jama'a suka yi masa mubaya'a, wanda ya fara miƙa hannu kuwa shi ne Abdullahi, sa'an nan Muhammadu Bello ɗan Shehu.

Cikin Yuni na shekaran nan aka haɗu da Yunfa a Tafkin Kwatto. Abdullahi ne ya ja rundunar jama'a, galibinsu 'yan baka ne a ƙasa, dawakinsu ba su fi kamar ashirin ba, Gobirawa kuwa ga lifida ga taimakon Azbinawa. Allah ya ba jama'a nasara, Yunfa ya gudu ya bar kayansa. Sunan Abdullahi ya kewaye ƙasa.

Amma daɗin bai daɗe ba. Kafin shekarar ta ƙare aka yi karon Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa babban birnin Gobir, jama'a suka yi hasarar mutum wajen dubu biyu, a cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kamar ɗari biyu. Yunwa da cuta suka biyo baya. Cikin 1805 Abdullahi ya ja yaƙi ya ci Birnin Kabi, jama'a suka sami wurin zama a Gwandu. Kafin ƙarshen shekarar kuma aka sake karya su a Alwasa, mutum wajen dubu suka yi shahada, abokan gaba suka biyo su har bakin Gwandu, wadda ko ganuwa ba ta da ita a lokacin, da ƙyar aka kore su.

Abin Da Ya Karya Masa Zuciya

Rashin nasara a fagen fama ba shi ne ya fi damun Abdullahi ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne sakewar jama'ar kanta. Waɗanda suka faɗi a Tsuntsuwa da Alwasa su ne almajiran farko, waɗanda suka zauna da Shehu a Ɗegel suka san abin da aka fito nema. Da suka ƙare, sai gurbinsu ya cika da mutanen da suka shigo bayan an fara samun ganima. A kan hanyar Alwasa ma rundunar ta faɗa wa wani gari da ke cikin amana ta washe shi, Abdullahi da Bello suka yi iyakar ƙoƙarinsu su hana, ba a saurare su ba. Ya duba ya ga an fara tseren sarauta da tara dawaki da manyan riguna da ƙwaraƙwarai, masallatai da makarantu kuwa an yi ko oho da su. Abin da suka yi wa sarakunan Gobir wa'azi a kansa, ga shi yana tsirowa a cikin gidansu.

Cikin 1807, runduna na kan hanyar zuwa Alƙalawa, sai ya sulale ya bar ta, ya fuskanci gabas da nufin ya tafi Makka da Madina, ya ƙare kwanakinsa kusa da Manzon Allah. Mutum biyar kaɗai suka bi shi. Suka shiga daji suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga sawun kowa ba sai na giwaye. Shi da kansa ya ba da labarin wannan tafiya cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, bai ɓoye ba.

Ba mu isa mu yi wa irin wannan bawan Allah hukunci ba. Amma gaskiya ita ce wazirin Shehu ne shi, kuma ya bar jama'a a lokacin da ta ke bukatar irinsa. Ɗan Adam tara ya ke, bai cika goma ba. Baƙin ciki ya kai shi inda ya ga babu sauran abin da zai iya gyarawa, ya zaɓi ya tsira da addininsa. Duk wanda ya taɓa ba da ƙarfinsa ga aikin jama'a, sa'an nan ya ga waɗansu sun mai da aikin hanyar cin abinci, ya san irin wannan gajiya.

Zamansa A Kano

Tafiya ta kai shi Kano, wadda ba ta daɗe da shiga hannun masu jihadi ba. Da ya zauna ya duba, sai ya ga an gudu ba a tsira ba, abin da ya baro a yamma shi ya tarar a nan. Mutanen Kano kuwa da suka gane ko wane ne, sai suka tare shi, suka hana shi wucewa, suka roƙe shi ya koya musu yadda a ke tsai da shari'a da riƙon ƙasa, domin sun karɓi mulki ba su san hukunce-hukuncensa ba.

A nan ne za mu ga irin mutumin. Da ya so, da ya kakkaɓe rigarsa ya wuce, ba mai zarginsa, tun da hanyar da ya ɗauka hanyar ibada ce. Sai ya zauna. Ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, littafin da ya bayyana abin da ya wajaba a kan shugaba da waziri da alƙali, da yadda a ke naɗa su, da iyakar ikonsu. Ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani tun daga farko har ƙarshe. Mutane da yawa suka tuba, har waɗansu suka farfasa kayan kiɗansu, suka mai da kwangon ganguna abin zuba wa dawaki abinci. Da ya ga wa'azi na shiga, sai zuciyarsa ta sauko. Ya gane cewa ɓarnar da ya gudo dominta tana ko'ina, maganinta kuwa yana cikin ƙirjinsa. Ya juya ya koma wurin Shehu.

Bai sake samun hanyar gabas ba har ya rasu. Mutumin da ya yi ta waƙar begen Annabi, ya rubuta hukunce-hukuncen addini ga dubban mutane, Allah bai nufe shi da ganin Ka'aba ba. Amma littafin da ya rubuta a zangon da tafiyar ta tsaya ya zama abin dogaron alƙalai da sarakunan ƙasar Hausa shekara da shekaru.

Komawa Bakin Aiki

Cikin Oktoba 1808 Alƙalawa ta faɗi a hannun rundunar da Bello ya ja, aka kashe Yunfa. Abdullahi ya ci gaba da jan yaƙi wajen yamma, har ya ƙetare Kwara zuwa ƙasar Gurma. Da Shehu ya koma Sifawa, shi kuma ya zauna a Boɗinga kusa da shi, shi ya sa waɗansu ke ce masa Mai Boɗinga. Cikin 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, ya ba Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas, shi kuwa ya koma ga karantarwa.

Komowarsa ba ta sa ya yi shiru ba. Ya ci gaba da tsananta wa masu mulki a rubuce, yana ƙin a riƙa kwaikwayon sarautar da aka kawar, da take-takenta da adonta. A waɗansu mas'aloli ma ra'ayinsa ya saɓa da na Shehu, domin Shehu ya fi karkata ga sauƙaƙa wa mutane inda malamai suka yi saɓani. Kowannensu ya rubuta hujjarsa, ba wanda ya yanke zumunci, ba wanda ya raba jama'a. A waɗannan shekaru ne ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'wili, cikin 1231 ta Hijira, kamar shekara guda kafin rasuwar Shehu.

Ƙofar Sakkwato

Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1817. Labari ya iske Abdullahi a Boɗinga, ya hau ya nufo gari. Kafin ya iso, manyan da ke wurin sun riga sun yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Ya tarar an rufe ƙofa.

Kada mu yi wa Bello da mutanensa mummunan zato. Bello malami ne, jarumi ne, shi ya ci Alƙalawa, shi ya gina Sakkwato, kuma manyan jama'a sun ji tsoron kada a kwana babu shugaba ƙasa ta wargaje. Tsoronsu kuwa ya tabbata, domin da jin rasuwar Shehu garuruwa da yawa suka tayar. Amma mu sa kanmu a matsayin Abdullahi. Ya haura shekara hamsin, ya yi wajen shekara arba'in yana bin Shehu, shi ya fara yi masa mubaya'a, shi ya ja yaƙin Tafkin Kwatto, shi ne mafi ilmin waɗanda suka rage. Wanda aka naɗa ɗan wansa ne, ya girme shi da shekara goma sha biyar, har ma ya koya masa karatu. Ga shi tsaye a bayan ganuwa, wansa na kwance a ciki.

Yana da runduna, yana da rabin ƙasa, yana da masu zuga shi. Da ya ɗaga tuta, da ya sami mabiya, da kuwa aikin shekara goma sha uku ya rushe cikin wata guda. Sai ya juya kan dokinsa. Abin da ya ɗauka shi ne alƙalami, ya rubuta littafi a kan sharuɗɗan shugabanci da yadda ya kamata a zaɓi shugaba, mai suna Sabilus Salama. Ya koma Gwandu ya zauna. Ba za mu ce abin bai yi masa zafi ba, domin an yi 'yan shekaru tsakaninsa da Bello babu wata ma'amala sosai. Amma fushinsa bai zubar da jinin Musulmi ko ɗaya ba.

Ranar Kalambaina

Cikin waɗanda suka tayar har da Malam Abdussalami, wanda saboda mutanensa na Gimbana aka fara rigima da Gobir. Bello ya yaƙe shi a Kware, ya rasu a farkon 1818. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka ƙi Abdullahi. Ya kai musu yaƙi bai iya cinsu ba. Gwarzon Tafkin Kwatto da Birnin Kabi, yau ga ɗan gari a bakin ƙofarsa ya gagare shi.

Wajen 1820 Bello ya taso da rundunar Sakkwato ya kawo wa baffansa gudummawa, suka haɗu suka ci garin. Bayan an gama, sai su biyun suka fuskanci juna a kan dawakinsu, jama'a na kallo. Bello ya yunƙura zai sauka, yadda ɗa ke yi wa uba. Abdullahi ya yi masa alama da hannu ya zauna, sa'an nan shi ya sunkuya ya gaishe shi gaisuwar Sarkin Musulmi. Da wannan saɓani ya ƙare. Gwandu da Sakkwato suka zama tsintsiya ɗaya har zuwan Turawa cikin 1903.

A ganinmu wannan rana ta fi ranar Tafkin Kwatto nauyi. A Kwatto Yunfa ya kora, a Kalambaina kuwa zuciyarsa ya ci, a gaban mutanen da suka san ya fi wanda ya ke gaisarwa shekaru da karatu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Daga nan ya janye hannunsa daga yawancin sha'anin mulki, ya bar shi ga ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari ɗan Shehu. Ya koma kan buzunsa, inda ya fara. Ya lura babban tafsirinsa ya yi wa ƙananan almajirai nauyi, saboda yawan ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi da ke ciki. Sai ya zauna ya taƙaita shi, ya tsaya ga ruwayar Warshu da mazhabar Maliku, waɗanda mutanen ƙasarmu suka saba da su, ya sa masa suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, watau abin da zai wadatar da masu rauni na ƙasar baƙar fata. Ya gama shi cikin 1238 ta Hijira. Mutumin da sarautar Musulmi ta wuce shi, ga shi da furfura yana sauƙaƙa wa raunana karatu. Ya bar wa ɗalibai Baharul Muhiɗi a fannin nahawu, da Hisnur Rasini a fannin sarfu, a ƙarshen ransa kuma ya fi karkata ga rubutu a kan gyaran zuciya da tsarkake hali.

Ya rasu a Gwandu cikin 1245 ta Hijira, watau 1829, a can kuma hubbarensa ya ke. Allah ya ji ƙansa, ya yi masa rahama. An buga Liya'ut Ta'wili a Alƙahira cikin 1961, har yau kuwa malamai na buɗe shi a majalisun tafsiri. Fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kabi da babban ɗakin karatu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk sunansa su ke ɗauke da shi.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wani zai ce, ina ruwan mutanen zango a ƙasar Gana da labarin Gwandu? To, fataken da suka kawo kakanninmu Gwanja neman goro, da yawansu ta ƙasashen da ke ƙarƙashin Gwandu suka ratso, suka ƙetare Kwara, suka bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yandi har Salaga. Cikin kayansu akwai littattafai, a ayarinsu akwai malamai. Alhaji Umaru na Kete Karachi, wanda ya rasu cikin 1934, wanda kuma silsilar malamai da yawa na ƙasar nan ke komawa gare shi, asalin gidansu Kabi ne, a ƙasashen Sakkwato da Gwandu kuma ya yi karatu mai zurfi. Ruwan da mu ke sha, daga wannan rijiya aka ɗebo shi.

Mu ma mun san rushewar buri. Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa kasuwar da kakanninmu suka dogara da ita, suka bazu Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, kowa ya sake sabon lale. Dokar korar baƙi ta 1969 ta raba gidaje da yawa a zangunanmu, waɗansu da aka haifa a nan suka tafi ba su komo ba. Duk da haka ba a daina kiran salla ba.

Akwai daga cikinmu wanda ya ɗauke ƙafa daga masallaci saboda abin da ya gani ga waɗansu shugabanni, ko wajen kuɗin gini, ko wajen fifita mai hannu da shuni. Mai yiwuwa abin da ya gani gaskiya ne. Malam Abdullahi ya ga wanda ya fi wannan, har ya shiga daji, amma ya komo, ya kuwa komo da littafi a hannunsa. Gyara daga cikin sahu a ke yinsa.

Akwai dattijon da ya yi shekaru yana tara kuɗin Hajji, ciwo ko hidimar iyali ta cinye, yanzu ƙarfi ya ƙare. Akwai wanda ya zo da niyyar shekara biyu ya koma gida da arziki, ga shi jikoki sun kewaye shi a nan, arzikin bai zo ba. Kada ɗayansu ya ɗauka Allah ya manta da shi. Mai Gwandu ma a Kano tafiyarsa ta tsaya, kuma a inda ta tsaya ɗin nan ne aka fi amfana da shi.

Akwai kuma wanda ya ga shi ya cancanci limanci, ko na'ibci, ko sarautar zango, ko shugabancin kwamiti, aka ba wanda bai kai shi ba. Mun san yadda irin wannan ta raba masallatai a zanguna da dama, har 'yan'uwa suka daina gaisawa, unguwa ɗaya ta koma salla biyu. Wanda wannan ta same shi, ya tuna da dattijon da ya tsaya a ƙofar Sakkwato da runduna a bayansa ya juya, ya kuma tuna da ranar Kalambaina. Jin zafi ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne me mutum ya yi da zafin, da kuma a kan wane hali mutuwa ta same shi, domin ayyuka da ƙarshensu a ke auna su.

Waɗanda suka ɗauki yashi da bulo a ka suka gina wannan masallaci, da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Ba dukansu suka sami abin da suka zo nema ƙasar nan ba, amma sun bar mana alƙibla a tsaye da sahu a miƙe. Allah ya gafarta musu, ya haskaka kaburburansu. Allah ya haɗa kan jama'armu, ya kiyashe mu son girma da yanke ƙauna. Allah ya ba mu haƙurin Malam Abdullahi, ya sa mu gama lafiya, ya sa mu cika da imani. Amin.